Shirun da Na Yanke

Lahadi, 7 ga Yuli, hantsi

Caji kashi talatin da ɗaya. Na rubuta a nan don in daina kunna tab ɗin, babbar wayar nan mai faɗin allo, ina dubawa, domin kowace dubawa tana cin nata kason.

Littafin nan na yayana Izzuddeen ne. Ya saye shi don rubuta waƙoƙi, bai rubuta ko baiti ɗaya ba. Ni kuwa ba wanda ya zaunar da ni ya koya min bokon Hausa, a waya na tsince shi harafi harafi, don haka wanda ya ga kuskure ya haɗiye abinsa. Ba ma wanda zai karanta.

Abin da ke cikin tab ɗin: waƙa ɗaya, minti shida, layi biyar. Waƙar tsinkar auduga ce ta kakarmu Hindu, wadda ta ce uwarta ta zo da ita a baki tun daga ƙasar Hausa can yamma, a ƙafa. Makirfo ɗaya gare ni, shi ya sa na ɗauki kowa shi kaɗai, da abin ji a kunnensa, kowace murya a layinta. Layi na ɗaya Kaka, tana bayarwa. Na biyu Izzu, yana amshi. Na uku matarsa Widad, guɗa. Na huɗu tafi. Na biyar ni, ina dukan jarka.

Layi na biyu ban kunna shi ba tun Talatar da Izzu ya fita. Izzu ba ya son hoto, ba ya aika saƙon murya. Wayarsa tana aljihunsa da ya tafi Wad Haddad neman man babur, injin ban ruwanmu. Yau kwana goma sha biyu bai dawo ba. Muryarsa ba ta ko'ina a duniya sai cikin wannan allon, shi kuma bayansa ya fara kumbura kamar ƙullin da ya kwana. Batir ne. Na san abin da hakan ke nufi.

Litinin, 8 ga Yuli, la'asar

Ruwa tun safe. Ba wuta, ba sabis. Ashirin da takwas, alhali ban taɓa shi ba.

Talata, 9 ga Yuli, safe

Talata.

Laraba, 10 ga Yuli, bayan azahar

Mai karo, amalanken jakin da ke kawo mana gishiri, ya ce Ustaz Abdulwahab yana Suki. Shi ne mai shagon ɗaukar waƙoƙin biki a Wad Haddad, wanda na yi wata huɗu ina leƙen kafaɗarsa har ya gaji ya ba ni kujera. Da yaƙi ya iso, ya gudo da kwamfutarsa ta tebur a kan karo, ƙarƙashin buhunan dawa, da faifan sola biyu. Mutane suna guduwa da tukwane, shi ya gudo da kwamfuta. Allah ya yi masa albarka, da taurin kansa duka.

In na kai masa layukan nan, sun tsira.

Ban tambayi mai karon komai game da hanya ba. Shi kuma ya daɗe yana gyara igiyar jakinsa, igiyar da ba abin da ya same ta.

Widad ta same ni a bayan rumbu. Hausarta rabi da rabi ce da Larabci, a Madani ta girma.

"Mukhtar, sautin yana nan?"

"Yana nan."

"Kada ka sa min yanzu."

"Wa ya ce miki zan sa?"

Ta tsaya kaɗan, ta tafi. Bakina ne. Kullum yana fita kafin ni.

Alhamis, 11 ga Yuli, azahar

Na yi.

Katin memori ɗaya ne a gidan nan, wanda ke cikin ƙaramin rediyon karatun Kaka, kuma ya kusa cika. Layi biyar ɗin sun ƙi shiga. Na zauna ina gumi, caji yana sauka a kan idona, sha tara, sha takwas. Sai na ga wani ɗan akwati a ƙasan shafin fitarwa, da rubutun Turanci. Na karanta shi da yatsa, sau uku. Yana nufin a yanke shiru. Na danna, layukan suka tsuke, suka shige har da ragowar wuri.

To me? Layin Izzu rabinsa jira ne, yana sauraron Kaka. Na Widad kusan duka jira ne. Wa ke ɗaukar shiru ya ɗora wa jaki? Na ji daɗin kaina ƙwarai. Wanda bai taɓa zama aji ba, ga shi yana karanta Turanci a gindin rumbu.

Caji tara.

Asabar, 13 ga Yuli, magariba

Daga wajen Makwar ake jin rugugin manyan bindigogi, can ƙasa ƙasa, sai ƙasa ta amsa a tafin ƙafa. Kaka ta ce tsawa ce. Sama kuwa tas take, ko gizagizai babu. Ta sani, na sani. Mun ci kisira, wainar dawa, ba wanda ya kalli wani.

Lahadi, 14 ga Yuli, bayan la'asar, a Suki

Zan rubuta shi yadda ya faru, don in na ɗaga zan gyara shi ya zama ƙarya.

An ce akwai masu bindiga a kan gadar tur'a, babbar magudanar da ke tsakaninmu da Suki. An ce suna duba waya. An ce wanda suka gani da makirfo ko sautin da aka ɗauka, ba sa tambayarsa sau biyu. An ce, an ce. Na sa memori a cikin safa, tab a cikin riga. Da na hango gadar sai na kauce daga hanya. Na gangara cikin ciyawa bakin ruwa, na tsuguna, na buɗe tab ɗin. Na ce ai komai yana memori. Na goge manhajar da duk abin da ke cikinta. Ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce na tabbata.

Na hau gadar. Ba kowa. Tsohuwar taya, igiya a ƙasa, da wata akuya tana kallona.

Ba kowa.

Tab ɗin ya mutu kafin in shiga gari. Bayansa ya tsage, yana wari kamar maganin feshi. Na jefa shi a rami.

Litinin, 15 ga Yuli, azahar

Ustaz yana ɗakin ajiyar wani ɗan'uwansa bayan kasuwa, kwamfuta a kan buhuna. Solar tana ba shi awa biyu in rana ta fito. Ya rame. Ya rungume ni, ya buɗe baki zai tambayi labarin Izzu, na ce masa ga memori.

Ya ja fayil biyar ɗin cikin manhajarsa, ya jera su, ya danna.

Duk suka fara lokaci guda. Kaka na bayarwa, Widad na guɗa a kanta, tafi na gudu, jarkata na bin su a baya kamar mahaukaci. Na yi sauri na kai hannu na kashe layi na biyu kafin in ji shi. Ustaz ya dubi allo, ya dube ni.

"Ya zol, kai yaro, me ya sa wannan minti shida ne, wannan biyu, wannan ko ɗaya bai kai ba?"

"Na yanke shirun. Wuri ne babu."

"Ka yanke me?"

"Shiru, Ustaz. Kurma ka zama a hanya?"

Bai yi fushi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya cire tabarau. Ya ce sau nawa ya faɗa min: kowane layi daga sifiri ake fitar da shi, da shirunsa, ko da shirun ya fi waƙar tsawo. Shirun ne yake gaya wa kwamfuta inda kowa yake tsaye. Ya ce ba komai, in kawo tab ɗin mu sake fitarwa.

Na gaya masa inda tab ɗin yake.

Ya mayar da tabaransa, ya ce, "Sha shayi."

Talata, 16 ga Yuli, safe

Talata.

Laraba, 17 ga Yuli, la'asar

Yau dole na ji shi. Ustaz ya ce ba zai iya yanka abin da ba a saurara ba.

Waƙar haka take. Kaka ta ce, "Auduga ta yi fari, ɗiyana, ku tashi." A amsa mata, "Mun tashi, Inna, ga buhu a kafaɗa." Baiti goma sha ɗaya, amshi goma sha ɗaya. Yanzu da na cire jiran da ke tsakani, Izzu yana yin amshin sha ɗayan a jere, ba numfashi, ɗaya kan ɗaya, kamar wanda ake kora.

Na tashi na fita bayan ɗakin.

Ranar da na ɗauki layin nan Litinin ce, washegari ya tafi. Yana ta shigowa kafin Kaka ta gama, yana taka mata kalmar ƙarshe. Na tsayar da shi sau huɗu. A bidiyon da na koya, kowa yana jiran layinsa, komai a kan ma'auni. Na ce masa kunnensa na jaki ne. Na ce mutumin da ba ya iya jiran tsohuwa ta gama magana, me zai iya a duniya. Na faɗi wani abu kuma da ba zan rubuta ba. Ya cire abin jin daga kunne, ya yi dariyar nan tasa, ya ce, "To injiniya, in na dawo mu sake."

Juma'a, 19 ga Yuli, bayan masallaci

Sahu uku kawai a masallaci. Liman ya gajarta huɗuba.

Mun samu rana yau. Ustaz ya yayyanka amshin sha ɗaya, muka jera kowanne bayan baitin Kaka, daidai inda ta rufe baki. Tafi da jarka ba su ba mu wuya ba, na san inda na buga. Guɗar Widad ma na tuna. Da muka kunna, tsaf. Ba wanda ya taka wani. Yadda na so shi tun farko ke nan, wallahi yadda na so shi. Ustaz ya ce, "Kwayyis," wato ya yi kyau, ya zuba min shi a memori.

Ban san me ya sa ban ji daɗi ba. Yunwa ce watakila.

Asabar, 20 ga Yuli, hantsi

Widad ta ce yanzu tana so. Na sa memorin a rediyon Kaka, muka zauna a inuwar zaure. Ta saurari baiti uku, ta miƙa hannu ta kashe.

"Wannan ba Izzu ba ne."

"Muryar wa ce to? Ta jakin mai karo?"

"Muryarsa ce. Amma ba shi ba ne."

Na tashi tsaye. Na ce kwana shida ina taka laka zuwa Suki ina dawowa, ina wuce gadar nan da hanjina a wuya, ita tana zaune. Na ce abubuwa. Ita dai ta riƙe cikinta, wanda ya fara fitowa, wanda duk gidan muke yi kamar ba mu gani ba.

Kaka tana kan angarib, gadonta na igiya, ta ce, "Mayar da shi in jiya."

Na mayar. Ta saurara ido rufe har ƙarshe. Sai ta ce, "Wa ya koya mai ladabi?"

"Gyara muka yi, Kaka. Da yana taka miki kalma."

"Taka mi? Cafewa yake, kai dai." Ta tashi zaune. "In muna tsinka, mai bayarwa a duƙe take, hannu na aiki, numfashi bai isarta. Kalmar ƙarshe ba ta gama ta. Na bayanta su ka cafe ta tun ba ta kai ƙasa ba, ita ta samu ta ja iska. In anka jira ta gama, waƙa ta faɗi ke nan, sai a ɗauko ta daga turɓaya. Shekara tara yaron ga yana tsinka a bayana. Kai kana gindin bedi da waya kana karatu."

A rubuta wannan, ranar Asabar Mukhtar bai ce komai ba.

Lahadi, 21 ga Yuli, azahar

Shi ne ya yi daidai. Sau huɗu na tsayar da shi, shi ne ya yi daidai.

Litinin, 22 ga Yuli, la'asar

Gida shida sun tafi daga unguwarmu tun jiya. Maƙwabtanmu sun bar kajinsu, suna ta yawo a tsakar gidanmu. Rugugin bindigogin ya daina zuwa ta ƙasa, yanzu ta kunne yake zuwa.

Na je Suki. Ustaz ya ce Alhamis zai wuce Damazin. Kwamfutar ba za ta bi shi ba wannan karon, zai cire abin ajiyarta kawai ya sa a aljihu. Na ce masa a matso da amshin gaba, kowanne ya hau kan kalmar Kaka. Ya ce da nawa? Rabin daƙiƙa? Kwata? Duka ɗaya ne, ko kowane baiti da nasa? Na ce ban sani ba. Na tsaya a gaban mutumin nan yana rerawa, ina kallon allo ina ƙirga kuskurensa, ban saurare shi ba.

Ustaz ya ce, "Mutum ɗaya ce ta sani."

Shekarunta sun haura tamanin. Gadar nan kuma yanzu ba akuya ce a kanta ba.

Talata, 23 ga Yuli, magariba

Talata, kuma mun fita. Na ce mu bari sai gobe, Kaka ta ce ranaku duka na Allah ne, in ɗauko mata mayafi. Widad ta ce ita ma ba za a bar ta a gida ba.

A kan gada sun tsayar da karon. Ba zan rubuta kamanninsu ba. Ɗaya ya tambayi ina za mu. Bakina da ke fita kafin ni kullum, yau ya maƙale. Kaka ce ta amsa da Larabcinta na tsofaffi, ta ce asibiti, ta nuna cikin Widad. Ya daɗe yana kallon takalmina. Memorin ba ya cikin safa. Da safe Kaka ta naɗe shi a leda ta sa Widad ta kitse mata shi cikin furfura.

Da muka isa, Kaka ta dubi kwamfutar ta ce, "Wanga ce ta haɗiye min jika?" Ustaz ya durƙusa ya gaishe ta, ya ba ta kujerarsa.

Ga yadda muka yi. Ustaz ya kashe layin Izzu, ya kunna nata ita kaɗai. Ni ina riƙe da maus. Ta ɗora hannunta a gwiwata, tana bin muryarta a hankali, in an zo inda Izzu yake shiga sai ta make ni. In sa alama, in jawo amshin zuwa wurin, mu kunna duka biyu. Ta ce, "A'a, ya yi latti." In matsa. "Yanzu ya yi azarɓaɓi, shi ba haka yake ba." In dawo da shi kamar faɗin gashi. Sai ta gyaɗa kai.

Ba ɗaya ba ne. A baitin farko kaɗan yake cafewa. A na huɗu, inda numfashinta ya gaza, tun tsakiyar kalma ya shigo. Yana jin ta gaji ne.

Huɗu muka yi, hadari ya rufe rana, allo ya mutu. Za mu kwana gidan ɗan'uwan Ustaz.

Laraba, 24 ga Yuli, bayan asuba

Ya Allah, rana. Awa ɗaya ma ta isa.

Laraba, la'asar

Rana ta fito wajen sha ɗaya. Mun gama na bakwai ke nan aka yi wata fashewa wadda ta zubo ƙura daga rufi a kan allon. A waje ana gudu, ana rufe shaguna. Ustaz ya kai hannu zai kashe. Kaka ta ce, "Zamna, malam. Saura huɗu." Ya zauna. Gwiwata ta yi tsami da duka. Amshin yana ta zame min, sai Widad ta zo ta dafa wuyan hannuna, muka ja shi tare.

Da muka gama na sha ɗaya, Ustaz ya kunna daga farko, layi biyar duka.

Kaka ta ce "ku ta," bai bari ta kai "shi" ba, ya shigo, da gaggawar nan tasa, da murmushi a cikin muryar. Widad ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Ta ce da Larabci, a hankali, "Ga shi nan."

Ni na fitar da su da hannuna. Haɗaɗɗe guda ɗaya, sannan layi biyar daban daban, kowanne daga sifiri, minti shida cif, da shirunsa duka. Wuri bai isa ba. Kaka ta ce a goge karatun da ke ciki, tana da shi a ka, Allah ya san dalili. Ustaz ya ajiye kwafi a nasa. Widad ta sake kitson.

Na ce wa Widad ta yafe min maganar Asabar. Ta ce, "Wacce daga ciki?"

Alhamis, 25 ga Yuli, hantsi

Ba mu koma ƙauye ba. An ce kada a koma. Na bar ƙofar ɗakin Izzu a buɗe ranar Talata, ban sani ba ko hakan ya fi.

Juma'a, 26 ga Yuli, azahar, a bayan babbar mota

Rubutun zai karkace, hanya duk laka ce. Mun fi arba'in a nan, ba mai magana. An tsayar da mu sau biyu. Sun karɓi rediyon da Kaka ta taho da shi a na biyu. Ba wanda ya kalli kanta.

Ɗazu motar ta kafe, maza suka sauka turawa, ni aka ce in zauna in riƙe tsohuwa. Ta jingina da ni, kitson yana gogar haɓata. Na ji tana wani abu a maƙogwaro, na ɗauka addu'a ce. Ashe baitin farko ne, ƙasa ƙasa, ba ƙarfi. Ta kai ƙarshe, ba wanda ya amsa. Ta ja na biyu, shi ma ya faɗi. Widad ta juya fuska wajen gonaki.

Ban taɓa rera komai ba a rayuwata, muryata ta jarka ce. A na uku na ji numfashinta yana ƙarewa tun kafin kalmar, na ji shi a ƙirjina inda ta jingina. Ban jira ba.

Ba ta buɗe ido ba. Ta maki gwiwata, ta ce, "Ka yi latti kaɗan." Sannan ta ja iska, ta shiga na huɗu.